BINCIKE DA YABO A SASHEN NAZARIN HALITTU: MISALAI DAGA TARAUNI DA GYAƊI-GYAƊI

1.0 Gabatarwa

Jami'a tana zaune ne a kan duwatsun murhu uku, wato koyarwa da bincike da hidimta wa al'umma. Daga cikin ukun nan bincike ne ya fi ɓoyuwa ga idon jama'a, domin ana yin sa ne a ɗakin gwaje-gwaje ko a gonar gwaji, sannan a rubuta sakamakonsa cikin harshen da ba kowa ke ji ba. Wannan ya sa idan aka ji a rediyo cewa wane ya zama Farfesa, ko an ba wata cibiya lambar yabo, akan yi murna ne kawai a wuce, ba tare da an san abin da aka auna kafin a yi yabon ba.

Wannan babi zai bayyana yadda ake auna nasarar bincike a fagen nazarin halittu, da waɗanda ke bayar da shaida a kansa, da matakan da aiki ke bi kafin a ce ya karɓu. Za a kafa misali da ayyuka biyu masu alaƙa da unguwannin Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi a birnin Kano. Daga ƙarshe za a nuna inda malamin Hausa ya shigo cikin al'amarin.

2.0 Sashen Nazarin Halittu da Maƙwabtansa

Nazarin halittu, wanda ɗalibai suka fi sani da bayoloji, shi ne ilimin da ke binciken duk wani abu mai rai: ƙirarsa da abincinsa da hayayyafarsa da dangantakarsa da muhallinsa. Manyan rassansa sun haɗa da nazarin tsirrai, da nazarin dabbobi da ƙwari, da nazarin ƙananan halittun da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, da kuma nazarin gado, wato yadda siffofi ke bi daga iyaye zuwa 'ya'ya.

A Kano, babban gidan wannan ilimi shi ne Jami'ar Bayero. Ta faro ne a shekarar 1960 da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, sannan ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977. Sashen nazarin halittu na jami'ar ya bunƙasa har ya haifi sassa masu zaman kansu, kamar na nazarin tsirrai da na ƙananan halittu.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sashen jami'a yana buƙatar gona da asibiti da cibiyoyin bincike inda za a gwada abin da aka karanta a aji. Biyu daga cikin irin waɗannan wurare suna kusa da juna a Kano. A Titin Sabo Bakin Zuwo da ke Tarauni akwai tashar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasa da Ƙasa, wato IITA, wadda aka kafa hedikwatarta a Ibadan a 1967, kuma tana da gonar gwaji a Minjibir. A kan Titin Zariya kuwa, daura da Gyaɗi-Gyaɗi, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, inda malaman likitanci na Jami'ar Bayero ke koyarwa da bincike.

3.0 Shaidu Uku na Ingancin Bincike

Za a iya kasa yabon da bincike ke samu gida uku, gwargwadon wanda ya bayar da shaidar.

3.1 Shaidar Masana

Mai bincike ba ya zama alƙalin aikinsa. Idan ya kammala gwaji, yakan rubuta maƙala ya bayyana tambayar da ya tasa a gaba, da hanyar da ya bi, da abin da ya samu, sannan ya aika wa wata mujallar ilimi. Editan mujallar yakan tura maƙalar ga masana biyu ko uku na wannan fanni, galibi ba tare da marubucin ya san ko su wane ne ba. Su za su duba ko hanyar gwajin ta inganta, ko yawan abin da aka gwada ya isa a kafa hujja da shi, da kuma ko hukuncin da aka yanke ya dace da alƙaluman da aka samu. Suna iya karɓa, ko su ce a yi gyara, ko su ƙi. Dalilin da ya sa ake dagewa a kan bayyana hanyar gwaji dalla-dalla shi ne don wani masani a wata ƙasa ya iya maimaita aikin. In ya maimaita ya sami abin da aka samu, aikin ya ƙara ƙarfi. Akan kuma ƙirga yawan masanan da suka kafa hujja da maƙalar a nasu rubuce-rubucen, domin hakan alama ce ta tasirinta.

Haka abin yake ga ɗalibin digiri na biyu ko na uku. Ba ya samun digirinsa sai ya kare kundinsa a gaban kwamitin da ya haɗa da masani daga wata jami'a. A Jami'ar Bayero akwai mujallun da ke buga irin waɗannan ayyuka, kamar BAJOPAS, wadda ta fara fitowa a 2008.

3.2 Shaidar Jami'a da Hukuma

A kan shaidar masana ne jami'a ke gina tata shaidar, wato ƙarin girma. Malami yakan faro daga mataimakin malami, ya hau matakan lakcara, ya zama babban lakcara, sannan mataimakin farfesa, kafin ya kai ga kujerar Farfesa, wanda Hausa ke kira Shehun Malami. A matakai biyu na ƙarshe akan tattara dukkan abin da malamin ya wallafa a aika wa farfesoshin wasu jami'o'i a asirce su auna. Sai sun amince ake tabbatar masa da muƙamin. Bayan haka ana sa ran ya gabatar da lacca ta musamman a bainar jama'a, inda zai bayyana abin da ya ƙara wa ilimi a tsawon aikinsa. Shi kansa sashen ana auna shi, domin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa takan turo masana lokaci-lokaci su duba malamai da ɗakunan gwaji da laburare kafin a amince da digirin da yake bayarwa.

A matakin ƙasa akwai Majalisar Masana Kimiyya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1977, kuma mambobinta ne ke zaɓen wanda zai shiga cikinsu. Akwai lambar girmamawa ta ƙasa ga masu ilimi, wato NNOM, da aka kafa a 1979. Akwai kuma Kyautar Kimiyya ta Nijeriya wadda kamfanin iskar gas na NLNG ya fara bayarwa a 2004. Akwai shekarun da alƙalan wannan kyauta suka ƙi bayar da ita saboda ba su ga aikin da ya cancanta ba. A 2009 marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ya ci ta, saboda bincikensa a kan ƙwayar cutar sammore, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa ga shanu. Aikinsa ya shafi sinadarin da ƙwayar cutar ke fitarwa tana lalata jinin dabba, da ƙwayar gadon da ke sarrafa wannan sinadari.

3.3 Shaidar Jama'a

Shaida ta uku ba a rubuta ta a takarda. Ita ce ranar da manomi ya shuka irin da aka samar kuma ya sake neman sa baɗi, ko ranar da majinyaci ya tashi saboda maganin da aka gwada. Ita ta fi jinkirin zuwa, ita ce kuma ke tabbatar da biyun farko. Misalan da ke tafe za su nuna yadda shaidun uku ke bin juna.

4.0 Misali na Farko: Wake da Wuta-Wuta

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Jamhuriyar Nijar na bi mata. A ƙasar Hausa wake abinci ne, harawarsa abincin dabbobi ce, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ɗaya daga cikin manyan abokan gabarsa shi ne wuta-wuta, wanda wasu ke kira ƙuduji. Wannan tsiro ba ya iya rayuwa shi kaɗai. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, tsiro ɗaya yakan zubar da dubbai, kuma sukan yi shekaru a cikin ƙasa suna jira. Ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar wake ke fitarwa. Da sun tsiro sai su manne wa saiwar su riƙa tsotse ruwa da abincinta. Kafin manomi ya ga wuta-wuta ya ɓullo a kan kunya, ɓarnar ta riga ta yi nisa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa noma da cirewa ba sa magance shi.

Masana sun gano cewa wani waken gargajiya daga ƙasar Botsuwana, wanda aka yi wa lamba B301, ba ya kamuwa da wuta-wuta. Sai dai ƙwayarsa ƙanana ce, ba irin wadda kasuwar ƙasar Hausa ke so ba. Tambayar da ta taso ita ce: shin za a iya ɗauko wannan juriya a sa wa waken da mutane ke so? Dakta B. B. Singh na IITA da Farfesa A. M. Emechebe na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun yi barbarar B301 da waken da ke kamuwa. 'Ya'yan farko duk suka fito da juriya. Da aka shuka jikoki, sai aka ga kusan uku cikin kowane huɗu suna da juriya, ɗaya ba shi da ita. A ilimin gado wannan lissafi na uku da ɗaya yana nuna cewa ƙwayar gado guda ce mai rinjaye ke ɗauke da siffar, don haka sauya mata gida ba zai yi wuya ainun ba. An buga wannan sakamako a 1990. Wannan ita ce shaidar masana.

Daga nan aiki ya ci gaba a tashar Kano da gonar Minjibir, ana barbara ana zaɓe shekara bayan shekara. Cikin irin da aka samu akwai mai lamba IT97K-499-35. Lambar kanta tarihi ce: IT tana nufin IITA, 97 shekarar 1997, K kuwa Kano. Bayan an gwada shi a wurare daban-daban da gonakin manoma, kwamitin ƙasa mai amincewa da sababbin iri ya yarda a sake shi a 2008 da sunan SAMPEA 10. Gaɓar farko ta sunan daga Samaru aka ɗauko ta, domin cibiyar Samaru ce ke da alhakin binciken wake a Nijeriya. Ke nan tsakanin maƙalar farko da isar irin hannun manomi an yi shekara 18. A 2018 an ba IITA Kyautar Abinci ta Afirka saboda ayyukanta gaba ɗaya. Amma hukuncin ƙarshe a kan kowane irin wake yana hannun manomin da zai shuka, da ɗan kasuwar Dawanau da zai saya, da mai ƙosai da alala da za ta jiƙa ta niƙa.

5.0 Misali na Biyu: Saran Kububuwa

Kububuwa ƙaramin maciji ne, amma shi ya fi kashe mutane a yankunan karkara na arewacin Nijeriya, musamman manoma da makiyaya. Dafinsa yana hana jini daskarewa, sai mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi da bakin rauni da cikin jiki. Akan gane haka ta hanyar gwaji mai sauƙi: a ɗebi jinin majinyaci a zuba a kwalbar gilashi mai tsabta a ajiye minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga jini.

Maganin dafi ana samun sa ne daga jinin dabba. Akan tatsi dafin macijin, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan har jikinta ya samar da garkuwa, sannan a tace garkuwar daga jininta. Matsalar ita ce dafin macizai ya bambanta daga jinsi zuwa jinsi, don haka maganin da aka haɗa da dafin macizan wata nahiya ba lalle ya yi aiki a nan ba. A nan ne aikin masanin dabbobi yake zama tushe, domin sai an tantance jinsin macijin kafin a san dafin da za a tatsa.

An kama kububuwar Nijeriya aka kai Libaful ta Ingila aka tatsi dafinta, aka haɗa magunguna biyu: EchiTAb-G daga jinin tumaki a Birtaniya, da EchiTAb-Plus-ICP daga jinin dawaki a ƙasar Kosta Rika. Daga nan aka gwada su a kan majinyata 400 a asibitin Kaltungo da ke Jihar Gombe. Cikin masu binciken akwai Farfesa Isa Sadiq Abubakar da Farfesa Abdulrazaq Garba Habib na Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano. An tsara gwajin ta yadda ƙuri'a ce ke zaɓen maganin da za a ba kowane majinyaci, kuma likita da majinyaci duk ba su san wanne aka bayar ba, don kada son rai ya shiga cikin hukunci. Sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna cewa kowane ɗaya daga cikin magungunan ya dawo da daskarewar jini cikin awa 6 ga fiye da kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka ba. Irin waɗannan hujjoji daga ƙasashe da dama ne suka taimaka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta kuma fitar da shiri a 2019 na rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030.

6.0 Abubuwan da ke Gurɓata Yabo

Da yake ƙarin girma ya rataya a kan yawan abin da aka wallafa, wasu matsaloli sun kunno kai. Ta farko ita ce mujallun bogi, masu karɓar kuɗi su buga maƙala cikin 'yan kwanaki ba tare da wani masani ya duba ta ba. Ta biyu satar fasaha, wato kwafe aikin wani ba tare da ambaton sa ba. Ta uku sanya sunan wanda bai yi aiki ba cikin jerin marubuta, ko cire sunan ɗalibin da ya sha ranar gona. Illar waɗannan a nazarin halittu ta wuce ɓata suna, domin sakamakon ƙarya yana iya jawo asarar damina guda ko asarar rai.

Akwai kuma waɗanda yabo ba ya kaiwa gare su. Manoman Botsuwana da suka adana kakannin B301 shekara da shekaru ba a san sunayensu ba, alhali da ba su adana ba da babu abin da za a yi barbara da shi.

7.0 Matsayin Harshen Hausa

Harshe yana shiga bincike ta ƙofa biyu, ta farkonsa da ta ƙarshensa. A farko, sunayen da jama'a suka ba tsirrai da dabbobi su ne jagoran mai bincike. Wani likita ɗan ƙasar Sikotilan, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a littafi a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Masana sun karrama shi ta hanyar sanya sunansa a cikin sunan kimiyya na bishiyar hano ko ararraɓi, wato Boswellia dalzielii. Amma ilimin da ya rubuta daga bakin manoma da makiyaya da masu maganin gargajiya ya ji shi. Sai dai sunan gargajiya yana buƙatar tantancewa. Alal misali, kalmar wuta-wuta tana nufin jinsin da ke kama gero da dawa, tana kuma nufin wanda ke kama wake, alhali jinsi biyu ne daban. Mai fassarar da bai san haka ba zai iya sa manomi ya ɗauka cewa irin waken nan zai kare masa dawarsa.

A ƙarshe kuwa, da harshe ake isar da sakamako. Misali mai kyau shi ne buhun adana wake mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masana ƙwari na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na Afirka, cikinsu har da Dakta Ibrahim Baoua na cibiyar binciken noma ta Maraɗi. Buhun yana da leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. In aka ɗaure kowanne da kyau, ƙwarin da ke cikin waken sukan shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci da hayayyafa, su mutu, ba tare da an zuba maganin ƙwari ba. Da aka fara yaɗa shi a 2007, an bi ƙauyuka ana bayani da harshen mutane, ana sanarwa a rediyo, ana ɗaure buhu a gaban jama'a, sannan a dawo bayan watanni a buɗe shi a gabansu. Gani ya kori ji, amma sai da aka ji bayani kafin a yarda a gwada.

Malamin Hausa yana da aiki iri uku a nan. Na farko, ya sa ɗalibansa su tattara sunayen tsirrai da ƙwari da dabbobin yankinsu daga bakin dattawa, su rubuta su bisa ƙa'idar rubutun Hausa, tare da sunan garin da aka ji kowace kalma. Na biyu, ya koyar da dabarun samar da keɓaɓɓun kalmomi, ko ta aro da hausantarwa kamar bayoloji, ko ta ƙirƙira kamar ƙwayar gado, ko ta faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma kamar yadda aka yi wa garkuwa da barbara. Na uku, ya horar da ɗalibai su riƙa tambayar hujja idan sun ji an ce bincike ya nuna kaza: wa ya yi shi, a ina aka buga, su wa suka tantance?

8.0 Kammalawa

An ga cewa yabon da bincike ke samu hawa-hawa ne. Masana ne ke fara tantance shi, jami'a da hukuma su biyo da muƙami da kyauta, jama'a kuma su rufe da karɓa ko ƙi. Misalin wake ya nuna cewa tafiyar takan ɗauki shekaru masu yawa, misalin kububuwa kuma ya nuna cewa aikin yakan haɗa masana daga fannoni da ƙasashe daban-daban. A dukkan misalan, amfanin binciken bai kai ga manomi da makiyayi ba sai da aka yi musu bayani da harshen da suke ji. Wannan gaɓa ta ƙarshe tana cikin aikin da ake horar da ɗalibin wannan kwas ya yi.

Tambayoyin Bita

1. Kawo shaidu uku na ingancin bincike, ka bayyana bambancin da ke tsakaninsu.
2. Me ya sa cire wuta-wuta da hannu ba ya magance ɓarnarsa a gonar wake?
3. Bayyana dalilin ɓoye wa likita da majinyaci sunan magani a lokacin gwaji.
4. Tattaro sunayen tsirrai 10 na yankinku, ka nuna waɗanda ke da suna fiye da ɗaya.